Zoben Shirwa da Wutar Babbaka

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne, kuma ban raba sarautar da kowa ba. Ranar Talata ce, washegarin da soja suka miƙa mulki ga farar hula a 1979. Shekarata goma sha ɗaya, ina aji huɗu, iyakar zurfin da na yi a boko ke nan. Da hantsi na zame daga makaranta, na bi ta bayan ganuwa zuwa kwata inda mahaifina ke fawa, don na san ba a rasa guntun hanta. A nan, bayan wata kuka, na hango Yaya Lawal durƙushe da shirwa a hannu.

Yaya Lawal ɗan maƙwabtanmu ne a Ƙofar Marusa, katanga ce kawai ta raba mu. Yana jami'a, in aka tambaye shi abin da yake karantawa sai ya ce shirwa da shaho da ungulu, da yadda suke zama cikin mutane. Matan unguwa har jaje suka yi wa mahaifiyarsa. 'Ya'yan wasu za su dawo alƙalai, nata yana bin ungulu juji-juji. Shekara biyu cur, duk hutun da ya zo, yana ƙirga su a kan rimi da rufin kwata yana zubawa a wani littafi mai baƙin bango. Ni kuwa tsakanina da shirwa gaba ce ta gado. Aikina a gida tsaron 'yan tsakin Inna, ina zaune da danƙo a tsakar gida yara na langa a waje, kuma duk ɗan tsakon da aka sure, bayana ke biya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Wana Iro ya fita shekara uku kafin nan, ko wasiƙa babu. Inna ta rantse kurciya aka yi masa: a ɗaura wa tsuntsu laya a ƙafa, a ambaci sunan mutum, a sake shi, inda ya nufa can mutumin zai bi ba waiwaye. Ga shi shekarar zaɓe ce, kowace jam'iyya na zargin 'yar'uwarta da binne-binne.

To, ga abin da idona ya gani. Ya cire shirwar daga wani ɗan keji mai ɓera a ciki, ya jefa ta jaka ya rataya a ma'auni, leɓensa na motsi. Ya ware fiffikenta ya gwada, ya rubuta. Sannan ya maƙala mata wani farin abu a ƙafa, ya ɗaga ta sama ya saki. Ta yi kudu. Kudu kuwa nan Iro ya yi.

Ban san lokacin da na isa kwata ba. "Baba! Na ga mai yi! Lawal na gidan Malam Abu ne ke kurciya, yanzu ya saki wata!" Mahaifina ya miƙe da wuƙar fiɗa a hannu, ya manta bai ajiye ta ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan daga baya. Kafin mu kai kukar mun zama ayari, mahauta da masu wankin hanji da 'yan kallo, ni a gaba ina nuni kamar jagoran yaƙi. Wani ya ce dama ya san za a rina, wani ya ce ɗan takararsu da ya faɗi ma aikin yaron nan ne.

Aka zagaye shi. Ya tashi a hankali, littafin a ƙirji, ya shiga gaishe da mutane ɗaya-ɗaya, ba mai amsawa. Ya ce zobe ne mai lamba, don a gane tsuntsun in ya dawo. Aka zazzage jakarsa, ga zobba a jere a zare kamar carbi. Aka fizge littafin aka miƙo mini, ni ɗan boko, in karanta sunayen waɗanda ya rubuta. Jama'a, ban gane komai ba sai lambobi. Amma ta yaya jagora zai ce bai iya ba? Na ƙura ido, na gyara murya, na ce, "Akwai sunaye." Nan take wani ya karɓe littafin ya nufi ramin da ake babbaka kawuna, ya wurga. Yaya Lawal ya ratsa mutane ya cusa hannunsa na dama cikin wutar. Har yau ina jin ƙaurin.

Baba Sada, dattijon mahauta, shi ya iso yana dogara sanda. Ya dubi zobban, ya dubi hannun, ya ce, "Ku mi kuke yi haka? Ku ɗaga kai." A kan rufin kwata ga shirwa uku a jere, ɗaya da farin zobe yana walƙiya. "Waccan tun bara take satar mini hanji. Ta tahi, ta dawo. Kun taɓa jin kurciyar da ke komowa gida ta ci abinci?" Mahaifina ya dubi wuƙar hannunsa kamar yanzu ya fara ganinta, ya ɓoye ta a baya. Da yamma shi ya kai man ƙuna gidan Malam Abu, ni kuma na ji a jikina abin da ake nufi da ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Rabin littafin ya tsira. Rabin farko, ƙirgen shekara guda, ya zama toka. Iro kuwa ya dawo da ƙafarsa bayan wasu shekaru, da mata da 'ya'ya, ashe direban babbar mota ya zama.

Yaya Lawal bai fasa ba. Ya ƙare rayuwar aikinsa yana bin tsuntsayen nan gari-gari, daga kwata zuwa juji zuwa turakun lantarki, yana gargaɗin cewa guba da masu sayen kan ungulu don asiri za su ƙarar da su. Muka ce boko ya taɓa shi. Yanzu rimin babu, ganuwar ta zama shaguna, jikokina ba su taɓa ganin ungulu ido da ido ba. Jaki ya mutu a bayan gari sai ya yi kwanaki yana wari, sama fayau, ba mai saukowa. Ban taɓa zaton zan yi kewar mummunan tsuntsu ba.

Kwanan baya muna zaune a ƙofar gidan Yaya Lawal bayan La'asar, na ce bari in tsokane shi. "Farfesa, kai da ka ƙare rayuwarka a ƙirge, wai tsuntsayen nan nawa ne a kwata lokacin da ka fara? Ko ilimin bai kai nan ba?"

Ya juyo da hannun nan mai tabo, ya ɗora mini a gwiwa. "Ni na manta, Rabe. Kai ka karanta shafin daga ƙarshe kafin ya shiga wuta, ka hwaɗa mini."