Ranar da Hulata Ta Faɗi a Kasuwar Mai'adua

Assalamu alaikum. Tun kafin azumi ba ku ji ɗuriyata a nan ba, har wani ya rubuto yana tambaya ko na koma Nijar da zama. Ina nan Daura. Ɓarin jikina na hagu ne ya shanye, yau kuma na ga ya kamata ku ji daga bakina, tunda bakin ya miƙe.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ɗan Sume na wasan kwaikwayon kasuwa-kasuwa. Sana'ata faɗuwa. In yanke jiki in faɗi, abokina Lawwali ya fito a matsayin boka ya yi ta surkulle, jama'a su yi dariya, daga ƙarshe mu ce musu a riƙa zuwa asibiti. Ni mai faɗar ban taɓa awon jini ba.

Ciwon kai ya daɗe yana damuna ta ƙeya. Na ce rana ce.

Ran wata Lahadi a kasuwar Mai'adua, muna tsakiyar wasa, harshena ya yi nauyi, ƙafata ta ƙi ɗaukata. Na faɗi. Ina jin tafi, ina jin wani yana cewa, "Yau Ɗan Sume ya ƙure basira!" Ina so in ce ku taimake ni, sai yawu kawai ke zuba.

Lawwali ne ya yar da ƙwaryar bokancinsa ya ce, "Ku kawo mota, wannan ba wasa ba ne." Har a lokacin wasu dariya suke.

A asibiti aka auna jinina, ma'aikaciyar ta sake aunawa, ta fita da sauri. Aka sa min ruwa, aka ɗebi jini, aka tura mu Katsina hoton ƙwaƙwalwa. Kuɗin hoton da magani sai da matata Hajara ta sayar da tumakinta. Likitan ya ce, "Malam Sani, hawan jini ne. Mu baƙar fata yana yawan kama mu, kuma ba ya sallama."

Ban yarda da shi ba. Wanda ya yi shekaru yana cin abinci da fuskar ƙarya, kowa ya gani sai ya ɗauka wasa yake. Likita ya yi murmushi, in ce ɓoye min wani abu yake. Hajara ta ce na ji sauƙi, in kalli idonta in ga ya yi ja. Masu dubiya su ce "Allah ya ba da lafiya", ni kuwa ina lura da wanda ya wuce gona da iri wajen jimami.

Na ji tsoro ƙwarai. Na kalli madubi na ga baki a karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa sosai. Na tambayi kaina, idan babu Ɗan Sume, wa ya rage a kan gadon nan? Na daɗe ina mutuwar ƙarya a gaban jama'a, ashe ban taɓa tunanin ta gaskiya ba.

Sai yayata Talatu ta zo daga Zango. Ta ja kujera ta rage murya.

"Sani, kasuwa guda ba wanda ya gane, sai Lawwali? Ta yaya ya sani? Kuma wa ke yin Ɗan Sume yanzu?"

Lawwali ne ke yi. Maganar ta zauna min daram. Na tuna shi ya ba ni fura a ranar. Na tuna ya taɓa cewa shi ma ya iya faɗuwa. Ya kawo ayaba, na sa aka bai wa na gadon kusa. Ya zo zai kama ni mu je wajen masu gashi, inda ake koya min taku da damƙe ƙwallo, na ce Hajara ta isa. In na ji muryarsa a baranda sai in rufe ido. Shekara da shekaru muna cin tuwo kwano ɗaya, ga shi ina shirin yanke shi.

Bayan an sallame ni, ina dogara sanda a tsakar gida, sai Lawwali ya yi sallama da leda a hannu. Na ce yau sai a yi ta ta ƙare.

"Lawwali, tsakaninka da Allah, ta yaya ka san ba wasa nake ba?"

Ya gane abin da nake nufi, na ga ya ji zafi.

"Mutumina, tun da muka fara, ka taɓa faɗuwa ba ka dafe hularka ba? Ko gawa kake yi, hannunka na kan zannar nan, don son gayu. Ran nan ta gangara cikin kwata, ko kallonta ba ka yi ba."

Ya buɗe ledar. Hulata ce, ya kai an wanke an buge ta. Ya ce, "Faɗuwar ma na gaji da ita, gwiwoyina duk sun kumbura. Ka warke ka karɓi kayanka."

Na yi kuka da rabin fuska, shi kuma ya yi ta min dariya.

Alhamdulillahi, yanzu ina tafiya babu sanda, hannun ne da saura. Na gode wa Hajara, da ma'aikatan asibiti, da ku masu addu'a. Yaya Talatu har yanzu ba ta gamsu ba, na bar ta da halinta.

Ku auna jininku ko kuna jin garau. Wanda aka ɗora kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. A rage gishiri. In kun ga bakin mutum ya karkace ko maganarsa ta sarƙe, ku kai shi asibiti nan take, neman wanda ya yi masa asiri ya jira.

Lahadi mai zuwa za mu koma Mai'adua, a zaune zan yi wasan. Na ce wa Lawwali ya sa ido a kan hular.