'Ya'ya Uku a Takardar Malam Bukar

Har na bar aiki ba zan manta da wata Laraba a sashen ƙwaƙwalwa ba. Lokacin ina ƙaramar nas, aikina zana jerin dangin majinyaci, a ga wa zai iya gadon cutar.

An kwantar da Malam Bukar, ɗan unguwar Limanti, da ƙari a jijiyar ji ta kunnuwa biyu. Likita ya ce irin wannan yana bin jini, dole a duba kowane ɗa nasa. Na zaunar da matarsa.

“Ya Falmata, 'ya'yanku nawa?”

Ta sunkuyar da kai. “Modu, Aisa, sai Baba Gana.”

Na rubuta uku, aka duba su, lafiya lau. Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Aure shekara ashirin da biyu, babba yana sha biyar? Na buɗe fayil, na rufe, na sake buɗewa. Ni 'yar kudancin Borno ce, a gidanmu uwa takan fara lissafi da babba ne, har da alfahari.

Ya Amsa, dattijuwar da ke share ɗakin, ta gaji da zirga-zirgata. Da na faɗa mata abin da ke damuna, sai ta riƙe haɓa.

“Kai, Sista! Da duk karatunki? Wace uwa ce za ta ambaci ɗan fari a gaban baƙuwa? Tambayi gwaggonsu.”

Wallahi kunya da haushin kaina suka rufe ni. Da gudu na tarar da yayar Malam Bukar a baranda. Ashe akwai 'yarsu ta fari, Yagana, shekara ashirin, tana hannun gwaggon a unguwar Dala tun yaye.

“Tana nan lafiya,” in ji ta, “sai dai taurin kai. A kira ta sau uku ba ta juyowa.”

Nan take na ce a kawo ta asibiti. Washegari aka yi mata hoton kai, ga ƙari nan a jijiyar kunnen dama, bai girma ba tukuna. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da labarin ya bambanta.

Shi ya sa nake muku faɗa, ku sababbin ma'aikata: uwa ba ƙarya ta yi ba, ni ce ban san wa zan tambaya ba. Shekara biyu yarinyar nan tana shan faɗa a kan kiran da ba ta ji ba.