Sunan da Ba a Kira a Gidanmu

Kwanan baya maƙwabcina ya tara busassun karare a bayan gida ya cinna musu wuta, hayaƙin ya biyo iska ya same ni ina alwala. Sai da na ajiye buta. Hayaƙin karan auduga ne, mai ɗaci-ɗacin nan da ke kama maƙogwaro ya shige tufafi ya ƙi fita. Wanda ya tashi a gonakin Jazira, can gabas kan tsohuwar hanyar hajji, ba sai an gaya masa ba. Idan aka gama tsinka, aka tuge kara aka tara tsibi-tsibi aka ƙona, ƙasar duka haka take wari har damina ta kusa. Ni kuwa ba na shaƙarsa ban tuna kakata ba.

A kambo na girma, wato 'yan ɗakunan lebura da ke rakuɓe a bakin tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonaki, can bayan Wad Haddad. Ba mu da gona tamu, ta mutane muke nomawa a raba. Lokacin ƙona kara aiki yakan yi sauƙi, kakata ta fito da 'yar audugar da ta yi kala ta zauna ƙarƙashin rumfa tana kaɗi. Mazarinta na juyawa a cikin tsohuwar tasa, mu jikoki muna kewaye da ita muna jiran gyaɗar da take soyawa don saidawa ta ƙone gefe guda a ba mu. A irin wannan zama ne take ba da labarin kakanmu da 'yan'uwansa, kuma kullum da kalmomi iri ɗaya, har mun haddace.

"Su huɗu na, ciki guda," in ji ta. "Da ƙafa sunka zo daga yamma za su hajji, tsohonsu yar rasu bisa hanya. Sunka zamna garin Suki sunka yi ƙwadago. Shekarar da sunka rabu, lokacin ƙonan kara na kamar yanzu. Babba yab bi bahar, kogin nan, yay yi kudu da kwalekwale nai. Mai bi mai mace ta, anka yi mata aure ƙetaren kogin. Na ukku yac ce shi bai tako ƙasa duka don shi tsaya rabin hanya ba, yam miƙe Makka. Sai auta, mai gidanga, auduga tar riƙe shi."

Ka lura ba ta faɗi suna ko ɗaya ba. In muka tambaya sai ta ja gyale ta rufe baki ta ce, "Kai, bakina bai iya ba. Yayyen miji na." A wajen matan zamaninsu mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na yayyensa, ko suna raye ko sun daɗe a ƙasa. Da kakana yana da ƙane, da ta faɗi sunansa tana dariya har ta ƙara masa da na tsokana, domin ƙanen miji abokin wasa ne. To, rashin sa'armu shi ne auta. Ya rasu mahaifina yana goye, tsofaffin da suka san zuwan nasu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ga dalilin faɗin abin da a lokacin kowa ya sani. Aka wayi gari sunayen nan uku suna bakin mace ɗaya tak, ita kuma bakin nata a ɗaure.

Akwai wani abu da ya daɗe yana cina game da ita. Ka san kaka da jika sai wasa. Ƙannena maza duk mazajenta ne, ta kira wannan da sunansa ta ce ya kawo kuɗin cefane, ta ce wa wancan rago ne ta fasa aurensa, su yi ta kokawa da ita a kan tabarma. Ni ban taɓa samun wannan ba. "Babban gida" take ce mini, murya ƙasa-ƙasa. In za ta miƙo mini tuwo da hannu biyu take miƙowa. In na shigo rumfa tana kishingiɗe sai ta tashi zaune ta gyara ɗankwali. Yaro me ya sani? Na ɗauka ba ta sona. Na sha komawa bakin tur'a in zauna ni kaɗai ina jifan kwaɗi saboda haushi. Ga shi ni ne ɗan fari, uwata da ubana su ma kunya ta hana su kiran sunana. Sai a makaranta da wajen abokai nake jin sa, kamar suna ne na aro da nake ajiyewa a bakin ƙofa kafin in shiga gida.

Mahaifina kuwa rashin dangi ya bi shi tsawon rayuwarsa. Shi kaɗai uwarsa ta haifa. Neman aure, ɗaurin aure, raɗin suna, duk abin da ɗan'uwan uba ke tsayawa a kai, mu sai dai mu ari maƙwabci. Mutanen kambo ba su taɓa ƙi ba, Allah ya saka musu, amma aro aro ne. Na taɓa jin wani da suka yi cacar baki a kan rabon ruwa ya ce masa, "Kai da ba a san tushenka ba." Mahaifina ya saɓi fartanyarsa ya dawo gida, ranar bai ci abinci ba.

Kakata ta rasu ina saurayi, ta tafi da abinta. Shekaru suka tura, ni ma na yi furfura, mahaifina ido ya tafi, ƙafa ta ƙi. Wata ranar hantsi yana kwance bisa angarib, gadon igiyarsa, ya ce in matso.

"Ka nemo min ko mutum guda mai jinin babana," in ji shi. "Shi zo shi zamna nan mu gaisa. Ba ni son komi nai. In ji dai muna da wani."

An ce zumunta a ƙafa take, to na ba ta ƙafa. Duk lokacin da aiki ya lafa sai in hau lori. Na fara da Suki inda suka rabu. Na zauna da limamai da masu unguwa da tsofaffin da ke ƙofar masallaci suna jiran la'asar. Ko'ina tambaya ɗaya ce ke tarbata: mene ne sunansu? In ce ban sani ba, amma su huɗu ne, daga yamma suka zo za su hajji. Sai a yi murmushi. Wani tsoho ya ce mini, "Ɗana, wanga labari na kowane gida na a nan. Ka shiga duk ƙofar da kac ci karo da ita, kakanka na ciki." Sunan kakana da na riƙe kuwa bai tsinana komai ba, irin sunan nan ne da kowane gida akwai mai shi. Na sha shayin mutane har na ji kunya, na dawo hannu rabbana.

A wani ƙauye kusa da Rufa'a, inda na je neman bayan 'yar'uwar da aka aurar ƙetare, aka kai ni wajen wata tsohuwar ungozoma. Ta tsufa har ta koma kamar yarinya a jiki, amma kanta garau. Ba ta san matar da nake nema ba. Ta dai saurari labarina har ƙarshe, sannan ta ce, "Kakar taka, mi taka kiranka?"

Na gaya mata.

"Tana wasa da kai?"

Na ce ko sau ɗaya.

"Wa yaz zaɓa maka suna?"

Na ce an ce ita ce ta aika aminiyarta, wata tsohuwa da suka yi zamani tare wadda ta san dangin mijin, ta raɗa wa liman. Mahaifina ma ba ya gidan ranar, kunyar ɗan fari ta kore shi gona.

Tsohuwar nan ta yi dariya har da tari. "Kai dai wawa na, da furfurarka. Macen da ba ta iya hwaɗin suna, ta iya ajiye shi. Babban wan mijinta taka gani in ta dube ka. Kana yawo kana neman suna, ga ya nan kana amsawa."

Ban iya tashi daga wurin da wuri ba. Hannu biyun nan da take miƙo tuwo da su, da gyaran ɗankwali, da muryar nan ƙasa-ƙasa, duk suka dawo mini. Na yi kuka a gaban matar da ban sani ba. Shekara da shekaru ina riƙe da tsohuwa a zuci cewa ta ƙi ni, ashe girmama ni take yi. Ga suna a tsakar gida yana cin tuwo tare da mu, ita ba ta iya kira, mahaifina ba ya iya kira, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Da wannan suna na bi kogi kudu zuwa ƙauyukan masunta na wajen Rusayris. A can, karon farko tun da na fara yawon nan, wani tsoho mai gyaran taru ya ɗaga kai da na faɗi sunan. Ya ce yana yaro ya san mai sunan. Dogo ne, in ji shi, mai kwalekwale, yakan ce yana da ƙane a ƙasar auduga da yake nufin zuwa dubawa in kifi ya yi sauƙi. Kifi bai taɓa yin sauƙi ba. Na ce a nuna mini kabarinsa in yi masa addu'a. Tsohon ya miƙa hannu ya nuna tsakiyar ruwa, inda ba ka ganin komai sai kan wata matacciyar bishiya. Tun da aka ƙara wa madatsar ruwa tsawo, tsohon ƙauyen da maƙabartarsa suna ƙarƙashi. Ya ce 'ya'yan marigayin sun watse, amma akwai jika guda da ke facin taya a kasuwar Damazin.

Tun daga nesa na gane shi. Goshin mahaifina ne a kansa, da kunnuwan nan namu masu baɗewa da ake yi mana ba'a da su. Na yi masa sallama da Hausa, ya amsa da Larabci. Na tambayi sunansa, ya jero shi yadda ake yi a nan, nasa da na ubansa da na kakansa. Na ukun nawa ne. Ya faɗe shi garau, kamar mai faɗin kuɗin faci. Na zauna a kan wata tsohuwar taya na ba shi labarin tun daga Suki, na ce akwai makaho a Jazira da ba ya son komai sai gaisuwa. Ya saurara, ya waiga ya dubi abokan aikinsa, sannan ya ce da Larabci, "Malesh, yi haƙuri ya Hajji, ka yi kuskure. Mu ba Hausawa ba ne."

Na san dalili, ba sai ya faɗa ba. Wanda aka daɗe ana kira baƙo a ƙasar da aka binne cibiyarsa, wata rana zai nemi wata ƙabila ya raɓa don 'ya'yansa su huta da tambayoyi. Ubansa ya riga ya yi masa wannan, shi kuma ba zai rushe shi don wani tsoho da ya sauko daga lori ba. Duk da haka na ji kamar in shaƙe shi. Ya aika aka kawo mini shayi irin wanda ake ba kowane baƙo, na shanye, na yi godiya, na tafi.

Da na koma gida na tarar an fitar da mahaifina rumfa yana shan hantsi. Ya ji takuna ya juyo da fuska.

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Baba. Ban samo kowa ba. Suna kawai na samo, na babban wansu."

Ban gaya masa na mai faci ba, kuma har gobe ina ganin gara da ban faɗa ba.

"Hwaɗa min," in ji shi.

Na ce, "Nawa ne."

Na ga leɓɓansa suna motsi ba sauti, kamar mai gwada ƙafa a ruwan da bai san zurfinsa ba. Can sai ya faɗa, a hankali, sau ɗaya. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Saura ƙiris in ce na'am, sai na haɗiye, domin na san ba ni yake kira ba. Muka zauna haka, ba wanda ya amsa.

Bai ga buɗewar audugar shekarar ba. Waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi tare da ni maƙwabta ne, kamar kullum.

Yanzu yaƙi ya bi ta kan ƙasar nan ya tarwatsa wanda ma aka san sunansa da na ubansa, balle mu. Kambonmu ya zama kango, tur'ar ta cika da ciyawa. Ban san ko mai facin nan yana raye ba. Ta ƙetare da na Makka kuwa ba su sami jikan da aka ajiye sunansu a kansa ba, ko kuma an ajiye ban gane ba, kuma duk wanda zan tambaya ya mutu. Kunyar nan da ta ci mana dangi ita ma ta tafi. 'Yata tana kiran mijinta da sunansa daga wannan ɗaki zuwa wancan, ba ta ko sunkuyar da kai.

Jikana na fari sunana aka sa masa. Safe da yamma uwarsa tana tsayawa bakin ƙofa ta kwaɗa masa kira, duk unguwa na ji. Yaron ya amsa ya sheƙo da gudu, ni ma wani lokaci in mance in waiga. Na ukunmu yana can ƙarƙashin ruwa, in na mutu ba wanda zai san an taɓa yin sa.