Ƙahon da Falalu Ya Kife Bisa Itace

Kakana Falalu mahauci ne a Talata Mafara, mutum ne da bai iya zama wuri ɗaya. Lokacin aikin dam ɗin Bakolori ya sayi tsohon firij, ya jawo waya daga injin wutar maƙwabci, ya kafe ta da ƙusa jikin itace. Damina na sauka itacen ya jiƙe, wuta ta ja wani sa har ya durƙusa.

Sarkin Pawa ya ce, "Falalu, kafin Talata ka gyara abin ga, ko in sa a tsinke shi."

Kwana huɗu bai zauna ba, yana neman abin da zai raba wayar da itacen. Ya gwada wuyan kwalba, ya fashe. Kakata Marka ta gina mashi na yumɓu, ya sha ruwa. Tana ta faɗin, "Malam, zauna ka ci tuwo mana!" Ina!

Ran Litinin yana fiɗa idonshi ya kai kan tarin ƙaho. Ya ɗauki ɗaya ya yi mashi tsaga, ya kife bisa itacen, ya ɗaure wayar cikin tsagar. Ruwa ya zo ya zame ta gefe.

Ran Talata Sarkin Pawa ya dafa itacen da hannunshi. Wuta ba ta ja shi ba. Ya ce, "To, ɗan nema, jawo mini tawa wayar."