Sorin da Ban Karɓa Ba

Jiya a tashar Kaura Namoda wata yarinya ta taka mini ƙafa, ta ce, "Sori." Sai na tuna Kawu, wan mahaifiyata, tsohon malamin Turanci.

Ba ya barin kalmar nan ta wuce haka kawai. Ranar da na ɓarar masa da fura a tabarma na ce sori, sai ya dube ni ta saman tabarau, bakinsa ja da goro, ya ce, "Wanne ciki, ɗiyata? Sorin Bature yana nufin sannu, yana nufin yi haƙuri, yana nufin na tuba. Na ƙarshen ne mai nauyi."

Bara wani ɗan masu hali ya banke shi da mota a hanyar Shinkafi, yana bisa kekensa. Waɗanda suka gani sun ce gilashi kawai ya sauke, ya ce sori, ya wuce. Kawu bai kai asibiti ba.

Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba. Allah shi jiƙan Kawu. Shi kuwa yaron, Allah shi hana mai barci har ranar da za su tsaya gabanSa.