Kumatun da Ba Su Kumbura Ba

Ko na tsufa haƙorana suka zube, ba zan manta da ranar gasar maci a Kurfi ba, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina aji biyu a sakandarenmu ta Dutsin-Ma, na shiga ƴan busa bigila. Mai koya mana wani tsohon ɗan sanda ne mutumin Filato, muna ce masa Baba Saja. Ranar farko ya ce ƙarfin busa daga ciki yake fitowa. Ni kuwa da wautata, washegari na narki ɗanwake kamar an ce gobe za a hana sayarwa. Ina sa bigila a baki, gyatsa ta riga sauti fita.

"Iska na ce, ɗana, ba wake ba," in ji Baba Saja.

Ashe nufinsa ka ja numfashi har cikinka ya taso, kafaɗa ba ta ɗaga ba, kumatu ba su kumbura ba. Yakan kwantar da mu a ƙasa ya ɗora mana bulo a ciki, ya ce mu ɗaga shi da numfashi. Wanda ya fi mu duka wani ɗan aji ɗaya ne daga Kutawa, siriri kamar tsinken tsire. In ya ja sauti ɗaya, sai ka je ka sha ruwa ka dawo bai saki ba. Shi aka zaɓa ya yi busar buɗe maci.

Ranar gasar Baba Saja ya tafi garinsu jana'iza, sai malamin wasanni ya raka mu. Muna gwaji a bakin fili ya tsura wa yaron ido.

"Kai, wa kake yaudara? Kumatunka ko motsi ba sa yi."

Na ce, "Malam, haka aka koya mana, daga ciki ake..."

"Rufe min baki. Ka taɓa ganin mai algaita da fuska a lafe?"

Ya fizge bigilar ya miƙa wa wani ƙaton ɗan aji uku mai kumatu kamar ya ɓoye mangwaro. Mahaifin yaron yana tsaye a gefe riƙe da kekensa, tun daga Kutawa ya tuƙo don ya ji busar ɗansa. Yaron ya ce, "Malam, don Allah, Babana ya zo." Malam ko juyowa bai yi ba.

Da aka zo buɗe maci, ƙaton ya cika kumatu, idanu suka firfito. Farkon sautin ya fita lafiya, sai iska ta ƙare, sauran ya koma kukan akuyar da ƙofa ta matse. Ƴan Kurfi har da masu zama a ƙasa don dariya. A mota kuma, muna komawa gida, maimakon Malam ya ji kunya, cewa ya yi Baba Saja bai iya koyarwa ba. Wannan maganar ta fi komai ƙona min rai.

Daga ranar na gane cewa wanda bai san abu ba, in aka ba shi iko a kansa, da ido yake yanke hukunci, kuma ƙarami ne ke kwana a ciki. Da Baba Saja ya dawo, har Kutawa ya je lallashi. Yaron ya ci gaba da zuwa makaranta, amma bai sake taɓa bigila ba.