Zaren Inna da Fiffiken Jirgina

Jiya wani ɗalibina ya buɗe kwalbar gam a aji, warin ya bugi hancina, sai ga ni a zauren gidanmu na Basirka ina ɗan shekara goma sha biyar, yatsuna duk sun manne. Bari in ba ka labarin, don na daɗe ina riƙe da shi.

A gida maɓarnaci ake ce mini. Duk abin da ke da noti sai na kwance shi, kuma ba kullum yake komawa yadda yake ba. Babana ya gaji, ya yanke cewa da na gama ƙaramar sakandare gona zan tsaya. Dama ni ne mai jan shanun huɗar kakana, wanda yanar ido ta rufe masa gani. Ni ina gaba da igiya, shi yana baya riƙe da garma, ƙafarsa ce ke gaya masa inda kunya take.

Kawuna, ƙanin Inna, direba ne tsakanin Gwaram da Kano. Wata bazara ya sauke wani kwali a zaure. Jirgin sama ne na wasa mai rimot, na farin soso mara nauyi, guntu-guntu, sai an haɗa. Ya dubi Baba ya ce, "Yaya, in yaron nan ya haɗa shi ya tashi, ka bar mini shi ya tafi makarantar fasaha a Birnin Kudu."

Baba ya yi dariya. "In ya tashi ya sauko lafiya, na yarda."

A gaban mutane ya faɗa, magana kuwa zarar bunu ce. Aka sa ranar Juma'a, in kawu ya dawo.

Kwana biyu na haɗa shi, da rawar kai da gaggawa. Na lafta wa fiffiken gam na danna shi a gadon bayan jirgin, na ƙanƙance ido na duba, na ce ya yi. Gwajin farko ya kwashe hagu, na danna rimot dama iya ƙarfina, a banza. Ya caki ƙasa da baki, farfela ta karye. Biyu ce a kwalin, saura ɗaya tak. Na zagi rimot, na zagi iska, na koma gindin darbejiya na zauna kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Nan kaka ya same ni. Ya ce, "Kai ja'iri, miƙo mini tsuntsun naka." Ya shafa shi tun daga baki har jela, ya tambaye ni gefen da yake ja. Na ce hagu, ko da hannu na jefa shi ba inji, hagu yake yi.

"To ka wanke iska, ba ta yi alƙawari da hagu ba. In kunya ta karkace, wawa ne ke dukan shanu. Karkiya ake dubawa."

Ya aike ni wurin Inna na karɓo zaren ɗinki da allura. Ya sa na kafa allurar a tsakiyar jela na ɗaura zaren. Ya ja shi zuwa bakin fiffiken dama, ya danne wurin da farce, sannan ya juyo da shi zuwa na hagu. Zaren ya wuce da faɗin yatsa guda. Idona biyu garau ban ga wannan ba. Da muka ɗora jirgin a kan daɓe ya auna tsayin kowane gefe da kara, nan ma hagu ya fi yin ƙasa.

Na ce, "Kaka, ai gam ya riga ya bushe."

Ya ce, "Sai ka yanka. Bushewa ba ta mai da karkatacce daidai."

Wallahi na ji tsoro. In reza ta zame kaɗan, soson ya yage, shi ke nan. Tun hantsi nake bin gam ɗin a hankali har aka kira azahar, gumi na ɗiga daga haɓata, kaka na zaune yana tsokanata wai na zama sabon wanzami. Da fiffiken ya fita, ya hana ni taɓa gam. Muka ɗaure shi da roba tukuna, muka tokare gefen hagu da ɓallin kwalin ashana, muka auna sau uku. Sai da zare ya tsaya wuri ɗaya dama da hagu ya ce in manne.

Ran Juma'a bayan la'asar muka fita wata gona da aka share ana jiran ruwa. Hadari na haɗowa gabas, ƙasa na ƙamshi. Na jefa jirgin. Ya miƙe sambal, ya zaga kukar bakin gona, na rage masa wuta ya sauka a kan rairayi da ciki. A cikin ihun yara na ji muryar kaka yana tambaya, "Ya miƙe? Ya miƙe?" Ban tsaya ba shi amsa ba, na ruga ɗauko kayana. Baba dai ya gyara hula ya ce, "To, Allah ya sa albarka."

Hutun farko da na dawo daga Birnin Kudu na tarar da turken shanu wayam. Na tambayi kaka, ya ce sun tsufa ne ya sayar. Na yarda, don yaro ne ni. Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mini shanun nan ko shekara biyar ba su cika ba. Babu mai ja masa ne, kuma shanun ba sa bin kowa sai ni. Ya san da haka tun yana riƙe da zaren.

Yau tarakta ake haya a gonakin namu, ɗalibaina kuma da waya suke auna daidaiton abu cikin ƙiftawar ido, har suna mamakin yadda muka yi a da. Ni ma ina amfani da wayar, ba na musun sauƙinta. Amma duk albashin da na karɓa, na san wanda ya ajiye garmarsa don in same shi. Ban taɓa ce masa na gode ba, sai dai kullum bayan sallah ina ce wa Allah ya gode masa.